Gwiwar Agali

Ran kasuwar da ta wuce ina zaune a rumfata na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa ɗan'uwansa wai wanzanci ba sana'a ba ce, zaman inuwa ne. Wai ka jiƙa kai, ka kankare, ka karɓi abinka. Ya ɗauka kunnena ya mutu. Ido ne ya rage, kunne kam yana nan garau. Wancan mai dogon wuya kuma na gan shi yana kwaikwayon zamana, ya karkace gefe guda ya bar fili a damansa, saura suna ta ƙyalƙyala dariya. Ban ji haushi ba. Amma tunda kun taɓo zancen, ku gyara zama in gaya muku yadda na shiga aikin nan, da inda na samo wannan zaman da kuke yi wa dariya. Sunana Arzika, ko da yake na manta rabon da a kira shi babu "wanzam" a gaba.

Kan da na fara yi wa aski ba na mutum ba ne, ɗanyen duma ne. Shekarar da fara ta cinye Adar, mahaifina ya yi kudu neman abinci bai dawo ba, sai ƙanensa Baba Illa ya ɗauke ni. Shi ne Sarkin Aska na yankinmu, duk wanzaman da ke tsakanin Tabotaki da Allakai a ƙarƙashinsa suke. Mutum ne gajere, mai kaurin murya, ba ya maimaita magana. Ya yanko duman, ya shafe shi da laka, ya bari ta sha iska, ya miƙo mini aska ya ce in cire lakar kada in taɓa fatar. Kafin la'asar duman ya zama kamar kaji sun yi kiwo a kansa. Baba ya juya shi, ya ƙirga raunukan da yatsa, ya ce da mutum ne da yanzu ana haƙa kabari. Damina guda ina ɓarnar duma, har matan gidan suka fara ɓoye nasu. Daga nan aka ba ni ƙaurina in aske, sai kawunan ƙannena, waɗanda har suka tsufa ba su daina nuna mini tabon ba.

Zabirar Baba ta jar fata ce, aikin dukawan Madawa, aljihu bakwai gare ta. Ba a sa hannu a ciki da lalube, kowane abu da gidansa. Akwai askar aski guda uku da maƙerin garinmu ya ƙera, akwai 'yar tsaga wadda ba ta kai ɗan yatsa ba, akwai koshiyar cire beli, da awartakin haƙori, da ƙaho huɗu, da dutsen wasi, da fatar da ake goge baki da ita. Garin bagaruwa yana cikin wani ɗan tandu, na barbaɗa wa rauni. A aljihun ƙarshe, a naɗe cikin tsumma, akwai ƙarfen sakiya, siriri mai kai kamar na kibiya, wanda ake gasawa a wuta a huda kumburi da shi. Wasi kaɗai sai da na shekara ina koyo. Ku yanzu kuna sayen askar kanti, ta dakushe ku jefar. Mu aska guda uba yake bar wa ɗa, kuma in ka wasa ta a karkace ka lalata aikin shekara ashirin.

Ƙahon farko da na kafa wa wani Buzu ne da ya sauko da gishiri daga arewa, bayansa ya riƙe saboda zaman raƙumi. Na zuƙi ƙahon, na toshe bakinsa da guntun jijiyar da ke cikin bakina, na jira fata ta taso, na cire, na tsattsaga, na mayar. Duk wannan daidai. Abin da ban yi ba shi ne duban fuskarsa. Mutumin bai ci komai ba tun jiya, sai ga shi ya sulale ƙasa kamar rigar da ta zame daga igiya. Baba ya yayyafa masa ruwa, ya sa aka damo fura, da ya farfaɗo kuma ya yi ta ba shi haƙuri kamar shi ya yi laifin. Ni kuwa a hanyar gida ya gaya mini cewa kafin a taɓa bayan mutum ana tambayar cikinsa. Tun daga ranar ban ƙara kafa wa kowa ƙaho ba sai na ji abin da ya karya da shi.

To, ga abin da ba ku sani ba game da masu zuwa wurinmu a wancan zamani. Ba kamar yanzu ba ne da kowa ke shiga rumfar da ya ga dama. Kowane gida yana da wanzaminsa, gado ne, kamar gona. Wanzamin da ya aske ka ran suna, shi zai cire maka beli, shi zai yi maka kaciya, shi zai yi maka gyaran fuska ran aurenka, in ya mutu ɗansa ya ɗora. Ba a ba shi komai a hannu sai goro ko ɗan abin da ya samu. In kaka ta yi, kowane gida ya kai masa dami, ran suna kuma yana da rabonsa na nama. Saboda haka wanzami ya taɓa kan mutumin wani wanzami daidai yake da ya shiga rumbunsa. Dattawa sun ce kafin a tsayar da wannan doka an sha zubar da jini a kanta, kuma masu riƙe da aska ba mutanen da za a bari su yi faɗa ba ne.

Na san dokar, amma yaro ne ni, hannuna ya fara faɗawa, kaina ya fara kumbura. Wata rana a kasuwar Buza, Baba ya tafi salla, wani mutum ya tsuguna gabana ya ce in rage masa suma, zafi ya dame shi. Ban tambaye shi ko shi na wa ne ba. Na aske shi tas, ya yaba, na ji daɗi. Ashe mutumin gidan Nomau ne, wani wanzami da ya girme ni nesa ba kusa ba, yana zaune wajen Allakai. Kafin kasuwa ta watse magana ta kai. Baba bai duke ni ba, da ma ya duke ni da ya fi sauƙi. A gaban wanzamai duka ya karɓe 'yar zabirar da ya ɗinka mini, ya rataye ta a ƙofar zaurensa kwana arba'in, inda duk mai wucewa zai gani ya tambaya. Ya kuma sa na taka har gidan Nomau da goro a hannu, na durƙusa na ba da haƙuri. Kunyar nan ta shige ni har ƙashi. Na yi wa kaina alkawari ko sama za ta faɗo ba zan ƙara taɓa mutumin wani ba.

Shekara tara bayan haka, ina da zabirata ta gaske da gidaje nawa na kaina, aka shiga mummunar shekara. Lokacin yaƙin Nasara ne. Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, yana son hatsi, yana son dabbobi, yana son mutane. Gardi, dogaransa, su zo da safe, mai gari ya nuna gidaje, a tasa ƙarti a gaba zuwa aikin hanya, ba a tambayar wa ya yi shuka wa bai yi ba. Cikin waɗanda aka ɗiba har da Nomau. Ruwa kuma ya makara, da ya zo ya zo a tsaitsaye, rijiyoyi ba su kawo ba, kowa tabki yake sha. A shekarar kurkunu ya yi mana rubdugu. Yanzu an gaya mana daga ruwan yake, mu a lokacin ba mu sani ba, sai dai mu ga ƙato ya kwanta a tsakiyar noma.

Aikin kurkunu aikin haƙuri ne. Ƙurji ya fito a ƙafa, ya fashe, kan tsutsar ya leƙo fari kamar zare. Sai ka kama shi a hankali ka naɗe a tsinke, yau ɗan kaɗan, gobe ɗan kaɗan, ka ɗaure da tsumma. Wani sai ya yi wata yana fita. In mai shi ya gaji ya ja da ƙarfi ta katse a ciki, an shiga uku, domin wurin zai kumbura ya tara ruwa. In aka yi sakiya da wuri ruwan ya fita, mutum ya tashi. In aka bari a gaɓa, musamman gwiwa, ruwan ya ci ta. Wannan kowane wanzami ya sani, ni ma na sani, kada wani ya ce jahilci ne ya ja ni.

Ranar wata Lahadi da hantsi ina wasa aska a ƙofar gida sai ga wata mace ta yi sallama, ƙafafunta sun yi furu-furu da ƙura, dutse ya yanke ta a dunduniya. Na gane ta. Hajo ce, matar Agali, daga wata tunga a kan dutse wajen Allakai. Mutanen tungar kakanninsu a hannun Abzinawa suka zauna, su ne suka sauko suka kama noma a fakon da kowa ya ƙi. Agali shi kaɗai ne namiji mai ƙarfi a gidansu, ga tsohuwa, ga 'ya'ya ƙanana uku. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Wanzam, ka taho ka dibi ƙahwar maigidana. Kurkunu ya katse mai ga gwiwa, ta kumbura awa tulu. Kwana ukku bai taka ba."

"Ku ba mutanen Nomau na ba?"

"Nomau na wurin aikin hanya, wata biyu ke nan. Kowa ya sani."

Na ce mata na sani, amma gida nasa ne, ba ni da ikon sa ƙarfe a jikin mutuminsa sai da izinin Sarkin Aska. Baba kuwa ya tafi Madawa, an kira shugabannin sana'a, ana sa ran dawowarsa jibi ko gata. Ta dube ni ta dubi zabirar da ke gefena a buɗe.

"Shi ciwon, ka aika mai shi jira Sarki?"

Na ce ta dinga gasa wurin da ruwan ɗumi, da Baba ya sauka za mu zo. Ta juya ta kama hanyar dutse, ko ruwa ba ta sha ba.

Ina so ku ji abin da na yi a kwanakin nan, don shi ne ya fi ci mini rai. Ba wani babban aiki ne ya tsare ni ba. Litinin na yi askin suna a gidan wani mai saƙar tabarma, na ci nama. Talata na gyara wa liman gemu. A ranar Hajo ta sake dawowa, ta ce zazzaɓi ya rufe shi, ba ya gane mutane sosai. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙarfen sakiya, na riƙe shi a hannu, sai na tuna zabirata tana lilo a ƙofar zaure, yara suna nunawa. Na mayar da shi cikin tsummansa. Na ƙulla mata garin bagaruwa a ganye, har ina waige-waige kada wani ya gani ya kai wa dangin Nomau. A raina ina ganin ni mutumin kirki ne mai tsare amana. Ta karɓa ta kama hanya.

Baba ya sauka ran Laraba da azahar, a gajiye, jakinsa yana ɗingishi. Na bari ya sha ruwa, sannan na gaya masa, har da ɗan alfahari, cewa mutanen Nomau sun zo sau biyu amma ban taɓa ba, na jira shi. Ya ajiye ƙoƙon a hankali. Ya tambaye ni yau kwana nawa. Na ce huɗu da zuwanta, bakwai da katsewar. Ya tambaya a ina. Na ce gwiwa. Sai ya miƙe ya saɓi zabirarsa ya kama hanya da ƙafa, tsoho mai shekara kusan saba'in. Na bi shi a baya. Duk hawan dutsen nan bai waiwayo ya dube ni ba.

Mun tarar da Agali kwance a bukka, gwiwarsa ta hagu ta yi suntum tana sheƙi, fatar ta ja kamar ta ganga. Baba ya shafa ta da bayan hannu, ya danna nan ya danna can, yana neman inda ta nuna. Ya sa Hajo ta hura wuta, ya sa maƙwabta biyu suka danne kafaɗu, sannan ya miƙo mini ƙarfen ya ce ni zan yi. Na gasa shi har ya yi ja. Hannuna bai kauce ba, wannan kam na gode wa duman da na ɓata. Na soka inda ya nuna mini, Agali ya yi ƙara guda ya suma, ruwa ya yi tsartuwa ya cika ƙwarya ya fara ta biyu, wari ya kori masu leƙe daga bakin ƙofa. Muka matse, muka wanke da ruwan bagaruwa, muka sa tsumma don kada bakin ya rufe. Baba ya kama ƙafar ya gwada lanƙwasa ta kaɗan, ya saurara da tafin hannunsa a kan gwiwar. Sai ya ajiye ta. Na ga fuskarsa, na san rai ya tsira amma gaɓa ta tafi.

A hanyar dawowa muka zauna a kan wani falalen dutse ya huta. Ina jiran faɗa, na ma shirya wuyana. Abin da ya ce ke nan:

"Ni nir rataye zabirarka kan aski, Arzika. Aski na jira, suma ba ta kashe kowa. Ciwo ba shi jira. Rabin magana nig gaya maka, nib bar rabi don na ɗauka kowa ya san shi. Kai ka yi laihi, amma nawa ya hi naka."

Na ce a'a Baba, ni ne na ga matar nan sau biyu. Ya ce haka ne, wannan kuma ni zan ɗauke shi, ba mai ɗaukar mini.

Ran kasuwar Buza ya aika aka tara wanzamai, waɗanda gardi suka bari, mu goma sha wani abu. Ya ba da labarin tun daga farko, bai rage nawa ba, bai rage nasa ba. Sannan ya ce daga yau aski da suna da kaciya suna nan yadda kakanni suka bari, kowa da gidansa. Amma kumburi, da jini, da haƙori, da duk abin da ke hana mutum barci ko tashi, wanda aka fara tararwa shi zai tafi, ko gidan wa ne, ba sai ya tambayi kowa ba. Damin kaka kuma na wanzamin gidan ne, a kai wa iyalinsa ko yana nan ko ba ya nan, wanda ya yi aikin lada ya samu. Wani dattijo cikinmu ya ce in aka buɗe wannan ƙofa, masu kwaɗayi za su riƙa kiran kowane ƙaiƙayi ciwo don su janye gidajen mutane. Ba ƙarya ya faɗa ba, an yi hakan daga baya, Baba ya yi ta shari'arsa har ya mutu. Amma a ranar ya ce gara ya yi shari'ar kwaɗayi sau ɗari da ya sake ganin gwiwa irin wadda ya gani.

Da ya gama sai ya cire zabirarsa daga kafaɗa, ta jar fatar nan, ya miƙa wa dattijon da ya yi gardama. Ya ce a rataye ta a ƙofar zaurensa kwana arba'in. Aka ce Sarki, wa ya taɓa rataye zabirar Sarki? Ya ce wanda ya koyar da rabi ya fi wanda ya yi aski a kasuwa laifi, kuma hukuncin da ya sani ke nan. Haka aka yi. Tana nan a rataye tsakiyar damina, lokacin da aiki ya fi yawa, duk wanda ya tambaya Baba da bakinsa yake ba shi labari. Tawa ba a taɓa ta ba. Ya ce hannuna ana bukatarsa, ga kurkunu ko'ina, in je in yi ta aiki. Na fi son a rataye tawa, wallahi, domin wucewa ta ƙofar zauren nan kullum ya fi kwana arba'in ɗina na farko ciwo.

Gonar Agali kuwa ciyawa ta riga ta haɗiye ta. Baba ya kira gayya, wanzamai da 'ya'yansu, muka hau dutse da kayan noma, haywa da kalme, muka yi mata noman farko a makare, muka koma muka yi maimai. Wanzami ba gwanin noma ba ne, mutanen tungar sun sha dariyar yadda muke riƙe ƙota. Abin da aka samu bai kai rabin na kullum ba, amma ya kai su bazara ba su watse ba. Ni kuma kowane kwana biyu ina hawa in wanke ciwon in sake tsumma. Wata uku kafin ya rufe. Da ya samu ƙarfi mun ɗora shi a jaki zuwa wurin lokotoro, likitan asibiti, a Madawa, ya duba, ya ce ciwo ya warke, amma gwiwa ta haɗe, ba abin da zai iya. Agali ya tashi da ƙafa miƙaƙƙiya kamar taɓarya, yana jan ta. Bai ƙara yin noman tsugune ba, ya koma tufkar igiya da gyaran rijiya daga baki.

Nomau ya dawo bayan kaka, ya rame, tari ya kama shi. Ya tarar da damunansa cif a rumbu, har da na gidajen da muka yi wa aiki a bayansa. Na je gaishe shi, ina tsammanin ko zai ce na kyauta da ban shiga gidansa ba. Ya bar ni a tsugune ya daɗe, sannan ya ce:

"Ka tsare mani gida, ka bar mani mutum ya lalace. Ni nay yi ma Agali kaciya da hannuna. Daga yau gidan ga naka na. Ba kyauta ta ba. So nike ka dinga ganin ƙahwar."

Haka gidan Agali ya dawo hannuna, kuma Nomau ya samu abin da yake so.

Askin farko da na yi masa ranar wata Juma'a ne. Kun san yadda ake zama, wanda za a aske ya tanƙwashe ƙafafu a kan tabarma ya sunkuyo, wanzami ya matso gaba da gaba har gwiwa ta kusa taɓa gwiwa. Agali ya zauna, ya tanƙwashe ta dama, ta hagu kuwa ta miƙe zar ta tokare inda zan zauna. Muka dubi juna. Shi ya fara yin dariya, ya ce wanzam sai dai ka matsa, ita kam ba ta jin magana. Na ja jiki gefe, na karkace, na bar mata fili a damana, na miƙa hannu ta sama. Da farko bayana ya yi ta ciwo, aska tana zamewa. A hankali jiki ya saba.

Ban taɓa jin kalmar zargi daga bakinsa ba. Sau ɗaya na roƙe shi gafara, ina tsakiyar gyara masa ƙeya, don ba zan iya faɗa ina kallon idonsa ba. Ya ce ya yafe tun ranar da ya ga wanzamai suna kokawa da haywa a gonarsa, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa, amma in nemi Hajo, don ita ta yi tafiyar. Na same ta tana sussuka. Ta saurare ni har na gama, ba ta daina aikinta ba. Ta ce Allah ya yafe mana duka. Sai ta ƙara da cewa sau biyu ta taka dutsen nan. Shekara da shekaru in na je gidan takan kawo mini fura mai kyau, da nono, ba ta taɓa rage mini ba, amma a ƙasa take ajiyewa, ba ta taɓa miƙa mini a hannu ba. Ban ga laifinta ba.

Na aske 'ya'yansu, na yi musu kaciya, na aske jikoki. Shekara ashirin da shida ina hawa dutsen nan duk Juma'a ta biyu. Cikin shekarun an tashe ni daga cin tuwo, an tsayar da ni a hanyar biki, an kira ni gidajen da ban san wanzaminsu ba, ban ƙara tambayar kowa shi na wa ne ba sai bayan na wanke hannu. Da Baba ya rasu aka ba ni sarautar, abin da na fara gaya wa duk wanda na koya wa aiki shi ne labarin nan, tun kafin in ba shi duma. Ba na so in bar wa kowa rabin magana.

Bayan Agali ya rasu na gwada komawa zaman daidai, gaba da gaba kamar kowa. Baya ya ƙi, hannu ya ƙi, har na kusa yanke kunnen wani bawan Allah. Sai na haƙura. Mutum biyar na koya wa wanzanci, duk biyar ɗin a karkace suke zama, don haka suka gan ni. An ce mini akwai wani a kasuwar Keita, almajirin almajirina, wanda ke gaya wa mutane wai zaman gwanaye ke nan tun kaka da kakanni. Ba zaman gwanaye ba ne. Kai mai dogon wuya, ka iya kwaikwayon, ban hana ka ba, har ma ka fi wasu da na koya wa. Amma filin nan da ka bari a damanka ba fanko ba ne. Ƙafar Agali ce a wurin, kuma kwana huɗu ne suka miƙar da ita.